Janar Gizan, Manomin Da Ya Janye Sojan Suwizalan Cikin Duwatsu

Ƙasar Suwizalan tana tsakiyar Turai, Jamus na arewa da ita, Faransa yamma, Italiya kudu. Tun 1815 manyan ƙasashe suka yarda ita 'yar ba-ruwanmu ce, ba ta shiga faɗan kowa. Al'adarsu kuwa, ba su naɗa cikakken janar sai yaƙi ya matso, in ƙura ta lafa ya sauka. Mutum huɗu kaɗai suka taɓa riƙe wannan muƙami, na ƙarshensu shi ne wanda za mu ba da labarinsa yau.

An haifi Hanri Gizan ran 21 ga Oktoba 1874, a sashen ƙasar da ake Faransanci. Ubansa likita ne, amma shi noma ya koya. A can kowane namiji mai lafiya yakan koyi aikin soja, sa'an nan ya koma sana'arsa da bindigarsa a gida. Ta haka Gizan ya fara, har ya kai babban hafsa.

Ran 30 ga Agusta 1939, saura kwana biyu Hitila ya auka wa Polan, Majalisar Ƙasa ta zaɓe shi Janar. Nan da nan aka tara soja wajen dubu 430. Dabarar farko ita ce a tare Jamusawa kusa da iyaka, har Faransawa su kawo gudunmawa. Gizan ma ya riga ya shirya da hafsoshin Faransa a asirce. Wannan kuwa, a ganinmu, ya ɗan kauce wa ƙa'idar ba-ruwanmu, kuma daga baya takardun shirin suka faɗa hannun Jamusawa.

To, cikin Yuni 1940 Faransa ta faɗi. Suwizalan ta wayi gari Hitila da Musolini sun kusan kewaye ta, babu mai agaji ko'ina. Zukatan jama'a suka karaya, har shugaban ƙasa ya yi jawabi a rediyo wanda mutane da yawa suka ɗauka alamar sassauci ce.

Ran 25 ga Yuli Gizan ya kira manyan hafsoshinsa zuwa wani fili mai suna Rutli, inda Suwizawa ke cewa kakanninsu suka yi rantsuwar haɗa kai, ya shaida musu za a yi tsayin daka. Sabuwar dabararsa ita ce a janye yawancin soja cikin duwatsun Alps, a huda su a kafa igwa, a tara abinci da harsashi. Hanyoyin jirgin ƙasa na Gotad da Simplon, waɗanda ke bi ta ƙarƙashin dutse, Jamus na aika wa Italiya gawayi ta cikinsu, aka ɗana musu nakiya. Watau wanda ya kawo yaƙi zai sha wuya ƙwarai, kuma hanyar da yake kwaɗayi zai tarar da ita kango.

Sai dai masu karatu su lura da tsadar abin. Manyan garuruwa irin su Zurik da Bazel, da gonaki da masana'antu, duk a fili suke, ke nan an umurci soja ya hau dutse ya bar matarsa da 'ya'yansa inda abokan gaba za su fara isa. Waɗansu hafsoshi ba su so ba, amma jama'a suka amince da shi, hotonsa ya cika gidaje da kantuna.

Jamusawa sun tsara yadda za su ci ƙasar, amma ba su zo ba. Masana tarihi sun saɓa a kan dalili. Mu dai ba za mu ce duwatsu kaɗai ne ba, gama Suwizalan ta sayar wa Jamus makamai, ta sayi zinariyarta, ta kuma mai da Yahudawa masu gudun hijira dubbai daga bakin iyaka, kamar yadda kwamitin bincike na gwamnatinsu ya tabbatar cikin 2002.

Gizan ya sauka ran 20 ga Agusta 1945. Ya rasu ran 7 ga Afrilu 1960, mutum wajen dubu 300 suka fito jana'izarsa a Lozan. Ganuwar da ya kafa cikin duwatsu kuwa an ci gaba da tsaronta har bayan 1990, kafin a shiga rufe ta.