Jimi Hendrix: Bahagon makaɗin da ya sauya muryar jita a cikin shekara huɗu

Duk wanda ya saurari kiɗan Bombino ko Mdou Moctar, daga Agadas zuwa Damagaram da Gure, ya ji wata gurnani mai kauri da jitarsu ke yi. Wannan salo yana da tushe a hannun wani baƙar fatar Amurka da ya rasu fiye da shekara 50 da suka wuce.

An haifi Jimi Hendrix a birnin Seattle ranar 27 ga Nuwamban 1942, a gidan talakawa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1958. Ya shiga soja a 1961, aka sallame shi bayan shekara guda, sai ya koma yi wa mawaƙa kiɗa, ciki har da Little Richard da 'yan Isley Brothers. Da yake bahago ne, yakan juya jitar na-dama ya sake jera mata tsirkiya.

Tauraronsa ya fara haskawa ne a watan Satumban 1966, lokacin da Chas Chandler ya kai shi Landan. A shekarar ce kamfanin Arbiter ya fitar da Fuzz Face, wata 'yar na'ura mai kama da faifai da makaɗi ke takawa da ƙafa. Taransisto biyu ne na jamaniyum a cikinta, sai batir mai volt 9. Aikinta shi ne ta ƙara ƙarfin sautin jita har ya wuce abin da za ta iya ɗauka, sai sautin ya dushe ya koma gurnani.

Na'urar ba ta da tabbas. Zafi yana sauya halin jamaniyum, haka ma ƙarfin batir. Idan batir sabo ne, sauti yakan fito da ƙarfi kuma ya daɗe yana amo. Da wuta ta fara raguwa, sai sautin ya riƙa dushewa da wuri, ƙarar ta ragu, ƙarshen amon ya riƙa tsinkewa. Abin da injiniya zai kira matsala, makaɗa sun mayar da shi ado, har yau ana sayar da na'urorin ba da wuta masu maɓallin rage volt don kwaikwayon batir mai mutuwa.

Hendrix ya samu abokin aiki, injiniya Roger Mayer, wanda ke gyara masa na'urori, ya kuma ƙera masa Octavia da aka ji a waƙar Purple Haze ta 1967. A watan Yunin shekarar ya cinna wa jitarsa wuta a bikin Monterey. A Woodstock kuwa, a Agustan 1969, ana tsaka da yaƙin Biyetnam, ya kaɗa taken Amurka da sautin da mutane da yawa suka ji kamar rugugin bama-bamai.

Kundi uku kacal ya naɗa a situdiyo da ƙungiyarsa. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumban 1970, yana da shekara 27, bayan ya sha ƙwayoyin barci, numfashinsa ya sarƙe. An binne shi a garin Renton, kusa da Seattle.