Joseph Bramah

Joseph Bramah (13 ga Afrilu 1748 – 9 ga Disamba 1814) injiniya ne ɗan Ingila, haifaffen Stainborough a yankin Yorkshire. Ɗan manomi ne. Raunin da ya ji a ƙafa yana matashi ya raba shi da gona, ya koyi kafinta, sannan ya koma Landan.

A 1795 ya yi rajistar injin matsi mai aiki da ruwa. Idan aka tura ruwa daga siririn bututu zuwa faffaɗa, ƙarfin turawar yakan ninka sau da yawa. Da irin wannan inji ake danne tulin auduga ta zama dila, ta rage cin wuri a jirgin ruwa. Ya rasu a Landan.