Hamao Umezawa: Likitan da Ya Tono Maganin Sankara Daga Cikin Ƙasa

Idan an taɓa sa wa wani naku ruwan maganin sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, a asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika, mai yiwuwa kun ji sunan bleomycin. Wanda ya gano shi ɗan Japan ne, Hamao Umezawa. Labarinsa zai nuna muku abin da ya sa likita ke yawan tambayar ku ko kuna tari.

An haife shi a 1914 a garin Obama. Ya gama karatun likita a Tokyo a 1937, amma yawancin rayuwarsa a ɗakin bincike ya yi ta, yana rainon ƙananan halittun da ke cikin ƙasa don ganin wace ce ke fitar da magani. A haka ya samo kanamycin, wanda aka daɗe ana yi wa masu tarin fuka allurarsa, kuma da kuɗin da ya kawo aka buɗe cibiyar bincikensa a 1962. Har manoman shinkafa sun amfana da shi, domin shi ya gano kasugamycin, maganin cutar da ke ƙona ganyenta.

A 1966 ya bayyana bleomycin. Maganin yana tsinka ƙwayar gadon sankara, kuma bai cika taɓa ɓargo ba, saɓanin 'yan uwansa da ke ƙarar da jini. Shi ya sa likitocin Milan a Italiya suka sa shi cikin haɗin magunguna huɗu, ABVD, wanda ke warkar da mafi yawan masu limfomar Hodgkin.

Sai dai yana da illa, kuma Umezawa da abokan aikinsa sun bi sawunta. Jiki yana da sinadarin da ke karya maganin, amma ya yi ƙaranci a huhu da fata. Don haka huhu kan kumbura, wani lokaci ya yi tabo ya taurare, tabon kuwa ba ya gogewa. Kusan mutum 1 cikin 10 ne ke samun matsalar huhun. Haɗarin ya fi yawa ga masu shekaru, masu ciwon ƙoda, masu shan taba, da wanda aka gasa wa ƙirji.

Alamun farko ba su da tsoratarwa, nan ne matsalar take: busasshen tari, haki a kan ɗan aiki, wani lokaci zazzaɓi. Wanda ya koma Talata Mafara, Bakura ko Maradun tsakanin zagayen magani zai iya ɗora laifin kan ƙurar hunturu ko sanyin fadamar Bakolori, ya sayi maganin tari a kemis. Kada ku yi haka. Ku sanar da likita tun kafin ranar sa ruwa ta gaba, domin idan aka tsayar da maganin da wuri huhu yakan farfaɗo. In kuma za a yi muku tiyata, ko bayan shekaru ne, ku faɗa wa mai ba da maganin barci kun taɓa karɓar bleomycin, saboda iskar oksijin mai yawa na iya tayar da ciwon.

Umezawa ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1986, yana da shekara 72. Har yau ana amfani da maganinsa, sai dai inda ake da hoton PET, likitoci kan cire shi bayan zagaye biyu idan cutar ta lafa, a ci gaba da sauran ukun.