ROMARE BEARDEN: MAI ZANE DA ALMAKASHI

Duk wanda ya daɗe a Sabon Ibadan ko Agege ya san yadda tunanin gida yake zo wa mutum. Ba ya zuwa gaba ɗaya, sai gutsi-gutsi: yau inuwar wata bishiya, gobe muryar wata tsohuwa. To, akwai wani Ba'amurke baƙar fata da ya mai da irin wannan tunani sana'a, har ya yi suna da ita a duniya. Sunansa Romare Bearden.

An haife shi ran 2 ga watan Satumba na 1911 a garin Charlotte, cikin Jihar North Carolina, a kudancin Amurka. A zamanin nan dokokin wariyar launin fata sun matsa wa baƙaƙe lamba a kudu, saboda haka suka riƙa ƙaura zuwa biranen arewa neman aiki da sararin numfashi. Kafin 1970 wajen mutum miliyan 6 suka tashi. Watau tasu tafiyar ta saɓa da tamu, su daga kudu suka nufi arewa. Iyayen Bearden na cikin na farko-farko, suka kai shi unguwar Harlem ta birnin Niyok tun yana ƙanƙane. Uwarsa Bessye wakiliyar jaridar Chicago Defender ce, gidansu kuwa ya zama matattarar marubuta da makaɗa, irin su Duke Ellington.

Amma inda idonsa ya buɗe sosai shi ne Pittsburgh, wurin kakarsa. Ita tana da gidan saukar baƙi kusa da ma'aikatun narka ƙarfe, kamar dai yadda fatoma yake saukar da fatake. 'Yan kudu sababbin zuwa su ne suka cika gidan. Yaron ya ga yadda suke dawowa daga bakin wuta a gajiye, ya kuma ji hirarsu ta gonakin auduga da suka baro. Bai manta ba har ya tsufa.

Ya gama Jami'ar Niyok a 1935, sa'an nan ya koyi zane wurin wani Bajamushe, George Grosz. Zane bai ciyar da shi ba. Aikin kula da jin daɗin jama'a ya kama a hukumar birni, yana zaga gidajen talakawa da rana, da dare ya zauna ga fenti, bai bar aikin nan ba sai 1969. A tsakani ya yi soja daga 1942 zuwa 1945, ya je Faris karatu a 1950, har ya taɓa ajiye zane ya koma tsara waƙoƙi. Ya yi ta gwada salon Turawa iri iri, amma har ya haura shekara 50 bai sami hanyar da za a ce tasa ce ba.

A 1963 ne abin ya faɗo. Shekarar nan ce baƙaƙen Amurka suka yi babban jerin gwano zuwa Washinton don neman 'yancinsu. Bearden da waɗansu masu zane baƙaƙe suka kafa ƙungiya mai suna Spiral, suna shawarar abin da mai zane zai iya yi a wannan gwagwarmaya. Ya kawo shawara su yanko hotuna daga mujallu su haɗa aiki guda tare. Abokan ba su ɗauka ba, shi kuwa ya ci gaba shi kaɗai.

Ga yadda yake yi. Sai ya sami falanki, ya fara liƙa masa takardu masu launi, murabba'i kusa da murabba'i, don ya tsai da ginshiƙin hoton; wannan tsari ya koyo shi ne daga nazarin tsofaffin masu zanen ƙasar Holan. Kana ya ɗauki almakashi. Ido daga wannan mujalla, hanci daga hoton wata fuskar sassaƙa ta Afirka, hannu daga wani wuri dabam, sau da yawa hannun ya fi kan girma, gama hannun ma'aikaci ne. Ya ƙara ƙyallen tufa, ya bi da fenti, wani lokaci ya goge fuskar aikin da samfefa har ta yi kamar tsohon bango. Na farkon ƙanana ne, sai aka ɗauki hotonsu aka faɗaɗa cikin fari da baƙi, aka nuna su a Niyok a 1964 da sunan Projections. Daga nan sunansa ya tashi.

Mai karatu zai ce, me ya hana shi zana fuska ɗaya lafiyayya? A ganina nan ne hikimar take. Mujallun Turawa sun saba nuna baƙar fata ko dai abin tausayi ko abin tsoro. Shi sai ya yayyanka hotunan nan nasu, ya sake ɗinka mutanensa yadda ya san su: ana wanka, ana cin abinci, ana jana'iza, ana yi wa yaro baftisma a rafi, ga mace mai magani a bakin daji, ga jirgin ƙasa can nesa yana wucewa. Jirgin nan ya cika fitowa a ayyukansa, don shi ne ya kwashe mutane daga gida. Ya kuma ɗauki darasi daga matan kudu masu haɗa bargo da ragowar ƙyallaye, da kuma makaɗan jaz, musamman Earl Hines, wanda ya lura da yadda yake barin sarari tsakanin sauti da sauti. Haka shi ma yake barin fili tsakanin guntu da guntu.

A 1971 ya yi The Block, falanki 6 a jere, tsawonsu ƙafa 18. Layi ɗaya ne na titin Lenox a Harlem, wanda ya hango daga tagar abokinsa marubuci Albert Murray. Ga shagon aski, ga coci, ga gidan shirya gawa, ga kantin giya, ya kuma buɗe bangon benaye don a ga abin da kowa yake ciki a ɗakinsa. Aikin yana gidan ajiye kayan fasaha na Metropolitan a Niyok.

Shugaba Reagan ya ba shi lambar girma ta ƙasa kan fasaha a 1987. Ya mutu a Niyok ran 12 ga watan Maris na 1988, yana da shekara 76. A 2013 garin Charlotte, wanda iyayensa suka bari saboda wariya, ya buɗe wani lambun shaƙatawa a tsakiyar gari da sunansa.