DANIEL O'CONNELL: LAUYAN DA YA DOGARA DA KWABON TALAKA

A bana mun zaɓi mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum wanda ba Fada ba ne, ba kuwa Bishop ba, amma sunansa na haɗe da majami'un ƙauyukan ƙasarsa. Ƙasar ita ce Ayalan, inda da yawa daga cikin su Fada da su Sista da suka yi aikin bishara a Arewa suka fito.

An haifi Daniel O'Connell ran 6 ga Agusta, 1775, kusa da garin Cahersiveen a gundumar Kerry, ƙasar duwatsu da makiyaya a bakin teku. A zamanin nan Ayalan tana hannun Ingila, kuma akwai dokoki masu tsanani a kan 'yan Katolika, ko da yake su ne mafi yawa. Tun a 1697 aka yi dokar korar Bishop-Bishop daga ƙasar. A wasu wurare sai a kan dutse a daji ake yin Misa. Da abin ya yi sauƙi, mutanen ƙauye suka riƙa gina 'yan ɗakunan sujada na jinka a bayan gari. Duk da haka ɗan Katolika ba shi da ikon zama a majalisar dokoki, sa'an nan tilas ya biya ushiri ga Ikkilisiyar gwamnati wadda ba tasa ba.

Kawunsa mai hali ne, shi ya tura shi karatu Faransa. Can ya ga yadda juyin juya hali ya koma zub da jini, ya baro ƙasar a watan Janairu, 1793. Ya zama lauya a 1798, shekarar da aka yi tawaye a Ayalan aka hallaka dubban mutane. Waɗannan abubuwa biyu suka sa ya ƙi jinin neman 'yanci da makami. Shi kansa bai tsira daga tabo ba. A 1815 ya yi fito-na-fito da bindiga da wani mai suna John D'Esterre, mutumin ya mutu. Wannan abu ya dame shi har ƙarshen ransa.

A 1823 ya kafa Ƙungiyar Katolika. Da fari ta masu kuɗi ce, sai a 1824 ya kawo dabarar da ta sāke kome: kowane talaka zai iya shiga da kwabo ɗaya a wata, wato sule ɗaya a shekara. A ƙofar majami'a ake karɓa ran Lahadi bayan Misa, su Fada na ƙauye suna ƙarfafa jama'a. Da yayyafi kogi kan cika. Da wannan kuɗi ƙungiyar ta riƙa biyan lauyoyi, tana taimakon manoman da masu gonaki suka tsananta wa saboda yadda suka jefa ƙuri'a. Manomin da ya ba da kwabonsa ya san cewa maganar tasa ce.

A 1828 O'Connell ya tsaya takara a gundumar Clare, ya ci da ƙuri'a 2,057, abokin karawarsa ya sami 982. Amma rantsuwar shiga majalisa ta saɓa wa bangaskiyarsa, ya ƙi yi. Gwamnatin Wellington ta ga in ta hana shi kujerarsa ƙasa za ta kama da wuta, saboda haka a watan Afrilu, 1829, aka zartar da dokar 'yanta 'yan Katolika. Nasarar ta zo da tsada, gama an ɗaga sharaɗin jefa ƙuri'a daga dukiyar sule 40 zuwa fam 10, ƙananan manoma da yawa suka rasa ƙuri'arsu. Amma tsoro ya kau. A shekarun da suka biyo baya, ƙauyuka da dama suka maye gurbin ɗakunan jinka da majami'un dutse, da gumin mutanen da kansu.

Bai tsaya a kan mutanensa kaɗai ba. Ya yi yaƙi da bautar da baƙar fata a Amurka, har ya sadu da Frederick Douglass a Dublin a 1845. Ya kuma nemi a maido wa Ayalan majalisarta. A watan Oktoba, 1843, gwamnati ta haramta babban taron da ya shirya a Clontarf, shi kuwa ya soke shi don kada a harbi jama'a. Wasu matasa suka zarge shi da tsoro. An ɗaure shi 'yan watanni a 1844. Yunwa tana cin ƙasarsa, ya kama hanyar Roma ba shi da lafiya, ya rasu a Genoa ran 15 ga Mayu, 1847. Aka kai zuciyarsa Roma, aka binne jikinsa a Dublin.

A 1888, da yardar Paparoma Leo na 13, aka aza harsashin majami'a a Cahersiveen mai ɗauke da sunansa, abin da ba safai ake yi wa wanda ba waliyyi ba.

Ya ku ɗalibai, a ƙauyukanmu na ƙasar Augie da Argungu mun san masu bi 'yan kaɗan da ke taruwa a rumfar zana, katikis yana riƙe da su kafin Fada ya zo. Kada mu raina su, kada kuma mu raina baikonsu. Majami'un da suka aiko mana da masu bishara haka suka fara. Allah ya ba mu haƙuri da haɗin kai irin nasu. Amin.