Theodor Kocher: Likitan fiɗa da kuskurensa ya bayyana aikin ƙullutun maƙogwaro

An haifi Emil Theodor Kocher a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a ranar 25 ga watan Agustan 1841, kuma a wannan birni ya rasu a watan Yulin 1917. Ya zama farfesan fiɗa a jami'ar Bern a shekarar 1872, yana da kimanin shekaru 30 a duniya.

A wancan zamani cutar maƙoƙo ta yi katutu a ƙauyukan da ke cikin tsaunukan ƙasar, saboda ƙarancin sinadarin aidin a abinci da ruwa. Maƙoƙo kumburi ne na wani ɗan ƙullutu da ke gaban maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tayirod. Idan ya ƙasaita yakan danne hanyar numfashi, amma cire shi a lokacin tamkar sayar da rai ne, domin zubar jini da ruɓewar miki kan kashe da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin.

Kocher ya rungumi tsarin tsabtar ɗakin fiɗa da Joseph Lister ya zo da shi. Mutum ne mai aiki sannu a hankali, ba ya yanka sai ya ɗaure kowace jijiyar jini, yana kuma kiyaye jijiyar da ke sarrafa murya. Hantsakin da ya ƙirƙiro domin matse jijiya har yau da sunansa ake kiransa.

Sai dai wannan ƙwarewa ce ta jawo masa baƙin ciki mafi girma a rayuwarsa ta aiki. A shekarar 1874 ya cire wa wata yarinya mai shekaru 11 ƙullutun baki ɗaya, ta kuma warke sarai. Da ya sake ganinta a 1883, ya tarar girmanta ya tsaya, fuskarta ta kumbura, hankalinta ya dushe, har ƙanwarta ta zarce ta tsawo. Nan take ya aika a kira sauran marasa lafiyarsa. Cikin mutane 34 da ya cire wa ƙullutun duka, 18 suka zo, 16 daga cikinsu kuwa suna fama da kasala, jin sanyi, bushewar fata da nawar tunani. Waɗanda aka bar musu wani yanki akasarinsu lafiya lau suke.

A watan Afrilun wannan shekara ya tsaya gaban taron likitocin fiɗa a birnin Berlin ya bayyana abin da wuƙarsa ta haddasa. Amma bai fahimci dalilin ba da farko, domin ya zaci lahani ne a hanyar numfashi. Haka kuma bai yi wa Jacques Reverdin na birnin Janeba adalci ba, wanda ya riga shi ba da labarin irin wannan larura a 1882, lamarin da ya jawo doguwar taƙaddama tsakaninsu. Felix Semon na birnin Landan ne ya nuna cewa rashin ƙullutun shi ne tushen ciwon.

Daga nan hanya ta buɗe. A 1891 George Murray na Ingila ya yi wa wata mata allurar ruwan da aka tatso daga ƙullutun tumaki, ta farfaɗo, ta ƙara shekaru 28 a duniya. A 1914 Edward Kendall na Amurka ya ware sinadarin da ƙullutun ke zubawa cikin jini, wato tairoksin. A yau da gwajin jini ake gano ƙarancinsa ko yawansa, kuma wanda ya rasa shi ƙwaya ɗaya yake sha kowace safiya.

Shi kuwa Kocher ya koma barin wani yanki na ƙullutun a duk aikin da ba na ciwon daji ba. Ya yi wannan fiɗa fiye da sau 5,000, mace-mace a hannunsa suka ragu zuwa ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari. Cikin waɗanda ya yi wa aiki har da Nadezhda Krupskaya, matar Lenin, a 1913.

A shekarar 1909 ya zama likitan fiɗa na farko da ya sami lambar yabo ta Nobel. Shekaru biyar bayan rasuwarsa, a 1922, aka soma sanya aidin cikin gishiri a Suwizalan.