Ronald McNair: Daga Ɗakin Bincike Zuwa Sararin Samaniya

An haifi Ronald McNair ran 21 ga watan Oktoba, 1950, a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Lake City cikin jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Mahaifinsa mai gyaran mota ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta. A zamanin nan wariyar launin fata tana da ƙarfi a kudancin ƙasar, har ɗakin karatu na garin ma Turawa kaɗai ake ba aron littafi. A 1959, yana ɗan shekara tara, ya shiga ya ɗauki littattafai, ya ƙi fita. Aka kira 'yan sanda da uwarsa, daga bisani aka bar shi ya tafi da su. Wannan gini yau sunansa yake ɗauke da shi.

Ya sami digirin farko a ilmin fiziks a 1971, sa'an nan ya wuce jami'ar MIT inda ya yi digirin dakta a 1976 kan hasken leza. Daga nan ya kama aikin bincike a kamfanin Hughes a Kalifoniya. A ganina wannan ne ya kamata ɗalibi ya lura da shi: McNair bai taso ta hanyar soja ko tuƙin jirgin yaƙi ba, kamar yawancin 'yan sama jannatin farko. Ilminsa ne ya sa hukumar NASA ta zaɓe shi a 1978 cikin mutum 35 daga dubban masu nema.

A Fabrairun 1984 ya tashi cikin kumbon Challenger, ya yi kwana takwas yana kewaya duniya, ya zama baƙar fata na biyu daga Amurka da ya je sararin samaniya, bayan Guion Bluford. Shi ne ya riƙa sarrafa dogon hannun ƙarfe na kumbon, har ma ya busa algaitar Turawa, wato saksofon, a can sama.

Tafiyarsa ta biyu, ran 28 ga Janairu, 1986, an shirya zai saki na'urar nazarin tauraruwa mai wutsiya ta Halley. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse, duka mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna cewa tsananin sanyin safiyar ne ya sandarar da wani zoben roba da ke toshe mahaɗar roka, wuta ta ɓulla ta nan. Injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jajibere, manya suka ƙi ɗage tashin. McNair ya rasu yana da shekara 35, ya bar mata da 'ya'ya biyu.